Buhu Mai Bishiya

Ku da kuke cewa suyar gahawa ba aiki ba ce, ku matso kusa. Jiya wani daga cikinku ya tsaya a bakin shagona, waya a hannu, ya ce wai injin yanzu shi ke yin komai, mutum ya zuba, ya danna, ya zauna. Na yi masa Hausa ya amsa mini da Larabci, kamar yadda kuka saba dukanku. To, madalla. Ni Isa a Sih aka haife ni, unguwarmu ta Hausawa a nan Madina, kakana ne ya taso daga Haɗejiya a ƙafa ya zo aikin hajji bai koma ba, kuma shekara talatin da wani abu ke nan hayaƙin bun yana shiga rigata. Bun shi ne ɗanyen ƙwayar gahawa kafin ya ga wuta. Na faɗa ne saboda waɗanda a kofin takarda kawai suka san ta.

Ranar da mahaifina ya kai ni mahmasar Ammi Salim, wato shagon suyar gahawa, a farkon shekarun casa'in, ko kusa da injin ban je ba. Ammi Salim Bahadrame ne, wato Balaraben kudu, gajere, faɗa gare shi ba kaɗan ba. Ya zaunar da ni a kan kwali a bayan shago, ya ɗora mini tire a cinya, ya zuba bun, ya ce, "Naggi," wato tsince. Dutse, tsinke, ƙwayar da ta yi baƙi, wadda ƙwaro ya huda, wadda ta fashe. Wata bakwai ina wannan. Ran nan dutse ɗaya, bai kai ƙwayar wake ba, ya tsallake mini ya shiga injin niƙa. Ƙarar da ya yi, har mai turaren gefenmu sai da ya leƙo. Ammi Salim bai zage ni ba. Ya kwance injin, ya nuna mini haƙorin da ya ɓalle, ya ce tunda idona bai isa ba, in sake tsince duk abin da na tsince a satin. Buhu biyu da rabi ne.

Injin suyarmu ganga ce ta ƙarfe mai juyawa a kan wutar gas, ba agogo, ba ma'aunin zafi. Akwai cokali mai dogon hannu da ake zurawa ta wata 'yar ƙofa a ɗebo ƙwaya biyar ko shida a duba launi, amma gaskiya hanci ne ke aikin. Da farko za ka ji warin ɗanyar ciyawa, sai ya juya ya koma ƙamshin burodi, to daga nan kada wanda ya yi maka magana. Mutanen Madina suna son ta da haske, ruwan zuma. Badawiyyan bayan gari sun fi son ta fara-fara, wadda wuta ta ɗan gaishe ta kawai. Turkawa kuwa baƙa ƙirin, a niƙe lilis. Tsakanin ta mutanen Madina da wadda ta wuce gona da iri numfashi kaɗan ne, kuma da rani kake tsaye gaban wutar, rigarka ta jiƙe har ƙugu. Ka juye a faffaɗan tiren shan iska, ka motsa da katako, dusar ta tashi ta cika maka gemu da hanci. Na ƙona kilo goma sha biyu a karon farko da ya bar ni ni kaɗai, na kuma shanye abina a gida har tsawon wata huɗu, don bai yarda a sayar ba, bai kuma yarda a zubar ba.

Masu saye su ne jarrabawar gaske. Akwai otal-otal na kusa da Harami, akwai alhazai masu tsaraba a lokacin mausim, wato lokacin aikin hajji, amma wadda nake tsoro ita ce Umm Nayif, mai dafa gahawa a gidajen biki. Ba ta taɓa sayen niƙaƙƙiya ba. Za ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗaga nikabi kaɗan ta tauna, mu duka mu zuba mata ido. In ta ce "zen," wato ya yi kyau, an tsira. In ta ce "haɗa min hel kawai," to ka san suyarka ta faɗi, hel ɗin ma, kayan ƙamshin da ake zuba wa gahawa, don kada ta fita hannu wofi ne.

Wata la'asar bayan hajji wani dogon mutum Bahabashe ya shigo, bai ce a auna masa komai ba. Ya nemi izini ya zura hannu cikin buhun da muke sayarwa da sunan na Habasha mai daraja ta ɗaya. Ya baza a tafin hannunsa, ya ware da ɗan yatsa kashi uku, ya ce da Larabcinsa na makarantar allo, "Wannan na tudu ne, wannan na kwari, wannan kuma na bara ne." Ammi Salim ya harzuƙa ya ce ai ga hatimi a jikin buhu. Mutumin ya ce, "Ya ammi, hatimi ya san tashar jirgin ruwa. Bai san gona ba." Sai ya ciro wani ƙulli daga jakarsa ya miƙa mini, ya ce in soya. Sunansa Haji Kadir, shugaban wata ƙungiyar manoman gahawa a kudancin ƙasarsu.

Na soya a ƙaramin kasko, muka dafa ba hel ba kanumfari. Ammi Salim ya sha finjali uku bai ce uffan ba, wanda a wurinsa yabo ne babba. Haji Kadir ya zauna a kan buhu ya ba mu labarin wurinsu. Su gahawarsu ba a fili take ba, a cikin daji take, ƙarƙashin manyan bishiyoyin da kakanninsu suka tarar. Kowane gida ya san yankinsa. Suna share ƙasa, su tsinko jajayen 'ya'ya kaɗai, su shanya a kan gadon kara, su rataye amya a rassan sama. In aka sare bishiyar inuwa gahawar takan yi 'ya'ya da yawa shekara biyu ko uku, daga nan rana ta gajiyar da ita, ruwan sama ya kwashe ƙasar. Shi ya sa ƙungiyar ta kafa doka ɗaya: wanda ya sare bishiyar inuwa, buninsa ba ya shiga buhun ƙungiya. Damuwarsu ita ce duk wannan wahalar ba mai gani, domin a babban birni ake haɗa bunin kowa a gwanjo, na daji da na wanda ya ƙone dajin su shiga buhu ɗaya.

Shekaru muka yi muna gaisawa ta bakin alhazai, kowace shekara ƙulli ɗaya. A tsakanin nan Ammi Salim ya tsufa ya koma garinsu, shagon ya dawo hannuna. Sannan aka ba ƙungiyoyin manoma a ƙasarsu dama su fitar da kayansu da kansu. Ni ban isa cika kontena ba, sai na shiga gefen wani mai shigo da kaya a Jidda, Abu Majid, da buhu arba'in. Ban manta ranar da suka iso ba. Buhun algarara ne sabo, an buga masa hoton bishiya da koren tawada da lambar ƙauye, bakinsa an ɗinke da hannu da basilla da koren zare. In ka farke, a sama akwai takarda da rubutun Haji Kadir, sunayen gidajen da buninsu ke cikin wannan buhun. Nakan manna takardar a bango bayan sikeli har buhun ya ƙare. Ku da kuke haska waya a jikin leda kuna cewa kun san asalin kaya, mu da sunan mutum da na ubansa muka san namu.

Kun san halin mutanen garin nan, kaya da hotonsa ake kiransa. Larabawa suka ce "abu shajara," matanmu na Sih suka ce "mai bishiya." Ya fi kowane bun tsada a layinmu, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin kuɗinsa ba. Wani otal ya riƙa ɗaukar buhu guda duk wata don manyan baƙinsa. Umm Nayif ta tauna ta ce "zen" sau biyu a jere, abin da ba a taɓa ji ba.

To, ga inda na yi ɓarnar da hannuna. Kun san tsofaffinmu mata masu bin shaguna suna tara kwali da gwangwani da buhu su sayar. Tun zamanin Ammi Salim, buhun da ya ƙare nasu ne, ba a sayar musu, ba a hana su. A wurina Gwaggo Tabawa ce ke zuwa, yayar mahaifina, duk Alhamis da 'yar amalankenta. Ba don ta rasa abinci ba, 'ya'yanta sun yi sun yi ta daina ta ƙi, ta ce ita ba za ta zauna tana kallon bango ba. Wata Alhamis tana ɗaure buhuna ta ce, "Isa, akwai wani bawan Allah, in mai bishiya ne ninki uku yake ba ni. Ka riƙa farke bakin a hankali, kada ka yage min shi." Na yi dariya, na ce wataƙila ado yake yi da su a gidan hutawarsa na bayan gari. Daga ranar na koma warware zaren nan ɗinki-ɗinki, in kakkaɓe buhun, in ninke shi tsaf, ina jin daɗi ina kyautata wa gwaggona. Shekara biyu ina haka.

Sai mummunar shekarar ta zo, lokacin da farashin bun ya faɗi a duniya baki ɗaya. Kaya mai arha ya cika Jidda, kowa na rage kuɗi, ni na tsaya a kan nawa, don abin da muka yi alkawari da ƙungiya bai canja ba. Ran nan Umm Nayif ta shigo ko sallamar kirki babu, ta dire wata leda a kan sikelina. Ta ce, "Abu shajara. Daga Aziziya. Rabin kuɗinka. Shekara nawa kana yankana, ya Isa?" Na buɗe na shinshina. Tsohon bun ne, warin danshi da na buhu, ga baƙaƙen ƙwayoyi birjik. Na ce wallahi wannan ba shi ba ne. Ta ce da idonta ta ga bishiyar, ta kwashi ledarta ta fita. A cikin satin nan mai kula da sito na otal ɗin ya bugo ya ce sun sami wani wuri.

Na rufe shago da rana tsaka na shiga motar ɗaukar kayana na tafi unguwar Aziziya. Mai shagon mutumin kirki ne, bai san komai ba, daga wani dillali ya saya. Ga buhun nan a jingine, bishiya kore shar. Na duba bakinsa, ɗinkin keke ne da farin zare. Na ce takarda fa? Ya ce wace takarda? Na roƙe shi na kwantar da buhun na duba gindinsa. Ni ina da al'ada, duk buhun da na buɗe nakan rubuta watan da na buɗe shi a kusurwar ƙasa da jan alƙalamin da ke rataye jikin sikelina. Ga shi nan, Rajab, da rubutuna mai karkata. Na zauna a kan buhun mutane ban nemi izini ba. Shago huɗu na shiga a ranar, uku na tarar da rubutuna.

Na yi tunanin kai ƙara, amma hatimin ba shi da rajista a ko'ina, wani malamin makaranta ne a ƙauyensu ya sassaƙa shi a jikin roba. Na kira Abu Majid na faɗa masa. Ya ce, "Ya akhi, kai ma ka huta mana. Bana ɗauki goma. Ka haɗa da na arha rabi da rabi, ka zuba a buhunka, ai naka ne na asali. Wa zai sani?" Na ce masa sunayen mutane ne a bangona. Ya ce mutanen suna karanta bangon Madina daga Habasha? Na ce ni ina karantawa. Ya yi dariya ya ce in na gama wa'azi in faɗa masa buhu nawa zai rubuta.

A daidai lokacin Haji Kadir ya bugo. Ba waya a ƙauyensu, sai ranar kasuwa yake sauka gari ya yi amfani da ta wani mai shago, a yi ihu a layi kamar ana faɗa. Ya ce abin ya kai ga wuya. Bunin da ba na ƙungiya ba ko kuɗin tsinka ba ya mayarwa, maƙwabtansu sun fara kayar da daji suna shuka masara da ganyen nan da ake taunawa, kuma mutanensa suna kallo. Ya ce, "Akhi Isa, na ce musu Madina za ta ɗauki arba'in kamar kullum. In ka ce e, zan iya riƙe su. Amma damina ta kusa, mai son share gona yanzu zai share. Ka ba ni kalma ɗaya in kai musu." Na ce ya ba ni lokaci in duba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoro na ji. Ga buhu goma sha ɗaya na bara a sito ba mai tambaya, ga iyali. Ranar kasuwa ta zagayo ya bugo, na sa aka faɗa masa ina Jidda. Ta sake zagayowa na bar wayar tana ta ƙara. Sati shida na yi ina jan ƙafa. Ku riƙe wannan adadin, don ni ban taɓa mantawa da shi ba.

Abin da ya tashe ni Gwaggo ce. Na daɗe ina kauce wa maganar, amma wata Alhamis ta ga na miƙa mata buhunan hel da na citta na ɓoye mai bishiya, ta ce, "Kai, rowa ka koya da tsufa?" Sai na zayyana mata komai. Ta saki igiyar hannunta.

"Tsaya tukuna. Ka ba ni ko na sata?"

"Na ba ki, Gwaggo."

"To kada ka kuskura ka kalle ni da wannan idon. Kai da ka yi makaranta ba ka gane ba, sai ni?" Ta harare ni tana huci. "Yanzu mutanen can dajinsu za su sare saboda wannan ɗan banzan da yake ce min hajja-hajja yana murmushi?"

"Wasu sun fara."

"Kai kuma me ka ce musu?"

Na ce ban ce komai ba tukuna. Tabɗi! Ranar na sha zagin da ban sha ba tun ina yaro. Ta ce ubana bai taɓa barin mutum a tsaye yana jiran amsa ba, ko a'a ce ya faɗa. Sannan ta zauna a kan kwali ta yi mini tambayar da ba ta zo mini a rai ba. Ta ce in buhunan nan na jabu sun ƙare a shagunan Aziziya, hannun wa suke faɗawa? Ba ta jira amsata ba. Ta ce, "Hannunmu mana, sakarai. Akwai buhun da zai fita daga shago a garin nan bai bi ta amalanken ɗayarmu ba? Mu muke mayar masa da su yana sake cikawa. To daga yau sai dai ya ga buhu mai bishiya a mafarki."

Washegari na sayar da motar ɗaukar kayana. Na kira Abu Majid na ce ya rubuta arba'in. Ya ce na haukace, na ce ya rubuta da haukan. Ranar kasuwa na zauna gaban waya tun hantsi, da Haji Kadir ya bugo na ce, "Arba'in, kamar kullum, a farashinmu." Ya ce alhamdu lillah. Sai ya ce zai kai musu. Bai ƙara komai ba.

Gwaggo kuwa ta bi matan nan gida-gida, 'yan Kano da 'yan Damagaram da 'yan Chadi, duk ta san inda kowacce ke kwana da layin da take bi. Buhuna suka fara dawowa, yau biyu, jibi ɗaya, wani har da ramin ɓera. Kowane ya zo in juya gindinsa in ga rubutuna, in ɗauki almakashi in yanke bishiyar, in mayar wa wadda ta kawo da sauran, in cika mata abin da mutumin can zai ba ta. Da ya ga kaya sun yanke sai ya ƙara kuɗi. Biyu daga cikin matan suka sayar masa a ɓoye, Gwaggo ta ji, ta je har ƙofar gidan ɗaya ta tsaya ta kira sunanta da na uwarta. Ban tambayi abin da aka ce a wurin ba, amma ba a sake ba. Kafin wata biyar ka zaga Aziziya kaf ba za ka ga koren hatimin nan ba. Daga lokacin har yau buhu ba ya barin shagona da bishiyarsa.

Watannin nan ni na san yadda na yi su. A tasi nake kai kaya, in wurin kusa ne in saɓa a kafaɗa. Masu layinmu suna ta tsiya, wai Isa ya zama ɗan dako saboda bishiyar da bai taɓa zama a inuwarta ba. Na ce oho, ku ci gaba da sayar da warin sito. Duk wanda ya shigo ya ce ya ga mai rahusa, sai in soya nawa da na jabun a gabansa a kasko biyu, in dafa ba hel, in ce sha. Wasu su saya, wasu su ce bakinsu bai ji bambanci ba, in ce to Allah ya ba ka lafiyar baki. Ban rage ko riyal ɗaya ba. Otal ɗin bai dawo ba har yau, kuma ban je roƙo ba. Umm Nayif ta dawo bayan wani biki da baƙi suka riƙa girgiza finjali tun a zuba na farko, alamar ya ishe su, uwar amarya ta kira ta gefe. Ba ta ba ni haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ta tauna ƙwaya ɗaya ta ce in auna kilo ashirin.

Da kaya suka iso Jidda, Abu Majid ya bugo ya ce talatin da shida ne, ba arba'in ba. Na ɗauka kuskuren tasha ne. Da suka zo na farke na ƙauye na uku, na ciro takardar, na ga ta gajarce. Na san sunayen nan kamar na 'yan unguwarmu, shekara da shekaru ina kallonsu a bayan sikeli. Gida bakwai babu. A cikinsu har da Usman, ƙanin Haji Kadir uwa ɗaya uba ɗaya, wanda suka taɓa zuwa umra tare ya ci shinkafa a gidana.

Na jira ranar kasuwa. Da ya bugo ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Haji, ina Usman?"

Ya ce, "Ya sare."

"Yaushe?"

"A sati na biyar."

Na gane satin da yake nufi. Na ce masa wannan laifina ne, ni na ba da buhunan, ni kuma na bar su suna jira ba amsa. Na ce ya mayar da mutanen nan bakwai, ni na yarda, zan sayi nasu a farashi ɗaya, in ya so a zuba a wani buhu daban. Ina ta ihu a waya, masu saye biyu suna tsaye suna kallona.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Akhi Isa, gida hamsin da ɗaya sun ji yunwar da Usman ya ji, sun ajiye gatari sun jira ka. In na mayar da shi, me zan ce musu?"

Na ce to har yaushe?

Ya ce Usman ya zo ya yi kuka, ƙungiya ta ba shi dashe, ya dasa a inda ya sare. Ranar da inuwarsu ta rufe gahawa, sunan gidansa zai koma takarda.

Na ce shekara nawa ke nan?

Ya ce, "Ɗansa zai gani, in sha Allah. Ni da kai ban sani ba."

Mai shagon can ya ce lokacinsa ya ƙare, layi ya yanke. Na ajiye wayar, na manna gajeriyar takardar a bango, na juya na tambayi na gaba kilo nawa yake so.